Yadda nake haɗa kyandir mai ƙamshi a gida, wanda zai jure zafin Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, ya gida ya yara, ya kuma zafi. Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata da na raba kyandirori a 'yan kofunan shayi ake ta tambayata yadda ake yi, wasu sun tare ni a gidan sunan wasu sun biyo ni WhatsApp, toh na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ta samu. Ni asali turaren wuta da humra nake haɗawa, a hannun kakata na koya, kyandir kam daga baya ya shigo, lokacin rani ne ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wutar lantarki ya ja baya ana ta rabon kuran unguwa unguwa, kullum sai mun sayi buji, wato farin kyandir ɗin nan, a butik, ɗaki ya cika da wannan warin nasa, shi ne na ce tunda dole sai an kunna, ai gara a kunna mai ƙamshi.

Abu na farko da nake so ki riƙe, yawancin bidiyon da kike gani a YouTube a ƙasashen sanyi aka yi su. Kakin waken suya suke amfani da shi, wanda aka fara yi a Amurka a shekarun 1990, kuma irin wanda ake zubawa a kofi wajen digiri 50 yake narkewa, tun kafin ya kai nan ya fara laushi. Mu kuwa nan a watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ki ƙara da ɗakin kwano da rana tsaka, ko but ɗin mota in za a kai saƙo Marwa ko Kusuri, kin ga kyandir ɗin zai isa yana gumi turaren ya taso sama kamar an yayyafa mai. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan da zafinmu na auna shi.

Kaki

Iri biyu muke samu cikin sauƙi. Akwai farafin, shi ne na bujin butik, daga ɗanyen man fetur ake fitar da shi, narkewarsa tsakanin digiri 46 zuwa 68 ne gwargwadon irinsa, kuma gaskiya shi ya fi kowane kaki fitar da ƙamshi in an kunna. In baki samu na kilo ba ki sayi fakitin farin buji ki kakkarya ki zare lagwanin, shikenan. Sai kuma kakin zuma, wanda Allah ya hore mana shi a Adamawa ta nan Kamaru, wajen Ngaundal da Meiganga da Tibati ana cire zuma sosai. Shi sai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, ya fi daɗewa yana ci, kuma ko baki sa masa komai ba yana da wani ɗan ƙamshin zuma mai sanyi da ni kam nake matuƙar so. Matsalarsa ɗaya, yana riƙe turare ya hana shi fita sosai, kuma in shi kaɗai aka zuba a kofi yakan tsage ko ya janye daga jikin kofin.

Haɗin da na tsaya a kai shi ne farafin kashi 70, kakin zuma kashi 30. Farafin ya kawo ƙamshi, kakin zuma ya kawo tauri. In kina son wanda babu farafin sam, ki yi kakin zuma kashi 85 da man kwakwa kashi 15, da hunturu za ki iya kai man 20, amma da bazara kar ki wuce, don man kwakwa tun digiri 24 ya zama ruwa. Man kaɗanya ma yana yi a madadin na kwakwa sai dai in ɗanye ne warinsa yana danne turaren.

In kakin da kika samu ɗanye ne, wato saƙar da aka matse zuma aka bari, sai kin wanke shi, kuma wannan aikin dan Allah kar ki tsallake shi don duk dattin da ya rage lagwani zai je ya toshe. Ki zuba saƙar a tsohon ƙyalle mai tsabta ki ɗaure bakin, ki sa a tukunya da ruwa ya sha kanta, ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan kar ya tafasa ya yi bori. Za ki ga kakin yana fitowa ta jikin ƙyallen yana tasowa saman ruwa kamar man shanu, ki dinga danna ƙullin da muciya har ya daina fitowa, ki cire ƙullin, ki sauke tukunyar ki rufe ki bar ta ta kwana. Da safe za ki tarar da faifan kaki rawaya a sama, ki ɗago shi ki juya, ƙasansa akwai wani baƙi baƙin datti mai laushi, ki kankare da wuƙa. In na wurin masu cire zuma da wuta ne zai zo da duhu da warin hayaƙi, irin wannan sai kin maimaita sau biyu ko uku. Tukunyar baƙin ƙarfe tana ƙara masa duhu, ki nemi ta silba mai ƙyalli wadda ba ta tsatsa ko mai fenti, kuma ki ware ta, ba za ta koma girki ba.

Mazubi

Kofin shayi na gilas mai kauri ya fi komai, don dama don zafi aka yi shi. Kwalbar mayonez ko ta jam ma tana yi in babu tsaga ko kaɗan, ki ɗaga ta a rana ki duba. Gwangwanin madara ko na tumatir yana yi, amma ki cika shi da ruwa ki ajiye a kan takarda na ɗan lokaci ki ga ko yana yoyo ta wurin haɗin, kuma ki tuna gwangwani yana ɗaukar zafi sosai. Roba a'a. Ƙwarya a'a, na san tana da kyau a hoto amma ƙwarya kamar itace take, wuta za ta kama ta. Kaskon ƙasa irin namu na turaren wuta ma ki bar shi, yana shan kaki, in ya sha ya ƙoshi gaba ɗayansa zai iya zama lagwani ya kama da wuta. Ki wanke mazubin ki shanya ya bushe ƙarau, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata miki aiki.

Lagwani

Nan ne yawancin masu farawa suke faɗuwa, sai su ɗora laifin a kan kaki ko turare. In kina da mai zuwa Duwala ko Kano ki ba da sautu a kawo miki lagwanin kyandir wanda aka riga aka sa masa ɗan ƙarfe a gindi, ya fi sauƙi. In babu, mu da muke zaune a ƙasar auduga ba za mu rasa zare ba. Sai dai ki tabbatar auduga ce zalla: ki yanki guntu ki sa masa ashana, auduga za ta ci ta bar toka mai laushi da wari kamar an ƙona takarda, in kuwa ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri toh leda ce a ciki, ki ajiye shi.

Ki ɗauki zaren ki yi masa kitso mai ƙafa uku, ki ja shi ya yi tsauri, kar ki murɗa shi kamar igiya don murɗaɗɗe yana warwarewa cikin wuta. Ki tsoma kitson a narkakken kaki har kumfar iska ta daina fita, ki ciro ki miƙe shi a kan takarda ya sandare. Na gindin kuma, murfin kwalbar lemo na ƙarfe, ki ɓanɓare 'yar robar da ke ciki tas, ki buga shi ya baje, ki huda tsakiya da ƙusa, ki zura lagwanin ki matse bakin hudar da filaya. Wannan ɗan ƙarfen shi ke hana lagwani faɗuwa ya jingina da gilas in kakin ya yi ƙasa, kuma lagwani in ya jingina da gilas fashewa ce. Ki yi kauri uku daban daban, siriri da matsakaici da mai kauri, za ki ga amfaninsu a gaba. Kakin zuma yana son lagwani mai kauri fiye da farafin, kuma in faɗin bakin mazubin ya wuce santimita 8 lagwani biyu za ki sa.

Turare

Toh 'yar uwa nan zan daɗe, don mu masu harkar ƙamshi nan ne hannunmu yake saurin kai wa ga abin da muka saba. Karona na farko humrata na ɗauko, wadda na ji da ita, mai sandal da farce, na tsiyaya a narkakken kaki ina ta juyawa, ina kallo ta ƙi haɗuwa, ta zama 'yan ƙwallaye ƙwallaye masu launin ƙasa suna yawo a gindin gwangwanin, in na juya su watse in na tsaya su sake taruwa. Na zuba a haka. Da na kunna bayan kwana biyu, wutar tana isa wurin sai ta fara tartsatsi tana tofar da kaki mai zafi har kan ledar ɗaki, da sauri na kife mata faranti. Dalili kuwa, kaki dangin mai ne, abin da ke da ruwa ko alkol ba ya shiga jikinsa, kuma humra da turaren fesawa duk akwai su a ciki, alkol kuma ga shi da saurin kama wuta.

Abin da za ki nema shi ne turaren mai zalla, wanda ba a sirka ba, in da hali wanda aka rubuta na kyandir ne. Ko a cikin turarukan mai da ake aunawa a kasuwa akwai waɗanda aka tsinka da wani ruwa da ake ce ma DPG, shi ma ba ya haɗuwa da kaki, kuma ido ba ya rabewa. Gwajin mai sauƙi ne: ki sayi kaɗan tukun, ki narka kaki cokali biyu, ki ɗiga turaren ki juya. In ya ɓace kakin ya zauna garau, ki koma ki sayi mai yawa. In ya yi gajimare ko ya kwanta a ƙasa, ki bar shi wa humra.

Masu nauyi irin su oud da sandal da miski da vanila sun fi zama a kaki, masu ƙamshin lemo suna saurin gudu. Kanumfari da kirfa za ki iya jiƙa su a man kwakwa mai ɗumi ki tace, ƙamshin yana fita amma siriri ne, kar ki sa ran zai cika falo. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne barbaɗa itacen turaren wuta ko busasshen fure ko ƙwayar kanumfari a saman kyandir don ado, duk makamashi ne kika jera kusa da wuta. Man sitronel kuma, na wata ciyawa mai ƙamshin lemo, yana da daɗi da yamma a tsakar gida, yana ɗan rage sauro a kusa da shi, amma dan Allah kar ki sayar wa mutane da sunan maganin sauro har wata ta bar ɗanta ya kwana ba gidan sauro.

Kala ma haka take. Kalar abinci ta ruwa ce ba ta shiga, kalar zanen yara kuma tana toshe lagwani. In baki samu kalar kyandir ba ki bar shi da launinsa, haɗin da kakin zuma yana ba da wani ruwan madara mai kyau.

Awo

Ki sayi ɗan sikelin dijital irin na masu kek, da ma'aunin zafi na girki wanda ke wuce digiri 100, ba na farmasi na zazzaɓi ba, shi a 42 yake tsayawa. Awon ido da muke yi a turaren wuta ba ya aiki a nan.

Ki ɗora mazubin a sikeli ki mayar da shi sifiri, ki zuba ruwa zuwa inda kike so kakin ya tsaya, ki bar kamar santimita 1 a sama. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, don haka ki cire kashi ɗaya cikin goma. Misali ruwa ya ba ki giram 200, toh duka haɗinki giram 180 ne: kaki 170, turare 10. A cikin 170 ɗin, farafin 120 kakin zuma 50. Ƙa'idar turare ita ce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyin kaki, wato a kilo ɗaya giram 60 zuwa 80, kuma da zafin nan namu ina tsayawa a 6 ko 7. Na san zuciya za ta ce ki ƙara don ya fi ƙamshi, wallahi kar ki ƙara, kaki yana da iyakar abin da zai iya riƙewa, ragowar zai fito ne ya kwanta a sama ya jawo hayaƙi da babbar wuta.

Narkawa da zubawa

Ki zaɓi lokaci, da bazara bayan sallar asuba ko da dare, kuma yara su yi nesa. Kafin ki kunna wuta ki manna lagwanin a tsakiyar gindin mazubi da ɗigon kaki ko gam, ki danna da bayan biro, sannan ki gitta tsinken tsire biyu a bakin kofin su matse lagwanin a tsakiya ki ɗaure bakinsu da roba.

Kaki ba a ɗora shi kai tsaye a wuta. Ki sa ruwa a tukunya kamar yatsu uku, ki sa babban gwangwani mai tsabta a ciki wanda kika ɗan matse bakinsa ya yi tsini don zubawa, kakin a gwangwanin yake. Hikimar ita ce ruwa ba ya wuce digiri 100, kakin ba zai taɓa kai zafin da zai kama wuta ba muddin akwai ruwa a tukunyar, saboda haka ki dinga leƙawa kar ya ƙone. In gawayi ne ki bari ya ruru ya zama garwashi, in gas ne ki rage shi can ƙasa. Ki fara sa kakin zuma tunda shi ya fi taurin kai, ki yanka shi ƙanana, in ya kusa narkewa ki zuba farafin. Ki kai shi digiri 75 zuwa 80, kar ki wuce 85 don daga nan kakin zuma yake fara canza launi. Kar ki tafi ɗauko komai ki bar shi. In Allah ya kiyaye wuta ta kama, murfi za ki kife ko ki zuba yashi, ruwa kam ko kusa, zai watsa wutar ne ko'ina.

Ki sauke, ki goge ruwan da ke jikin gwangwanin da tsumma, ki matsa nesa da murhu. In ya sauko wajen digiri 72 ki zuba turaren ki juya a hankali minti 2 cur, ki duba agogo, don minti biyu yana da tsawo in ana juyi kuma yawanci a rabin minti ake gajiya a bari, sai turaren ya taru wuri ɗaya. In baki da ma'auni tukun, alamar ita ce in kin ga farin zobe ya fara fitowa a gefen gwangwanin toh ya yi sanyi da yawa, ki mayar cikin ruwan zafin ya sake washewa.

Ki zuba wajen digiri 68 zuwa 70, siririn zubi a hankali kusa da lagwani, ki rage kaɗan a gwangwanin. Da hunturu ki ɗan ɗumama kofunan a rana ko kusa da murhu kafin zubi, gilas mai sanyi yana sa kakin ya janye. Ki kife kwali a kansu saboda ƙura da iska, kar ki kunna fanka a kansu, kar ki sa a firij don sauri, tsagewa zai yi. Bayan awa biyu zuwa uku za ki ga tsakiya ta lotsa kusa da lagwani, farafin haka yake, yana tsukewa in yana sanyi kuma wani lokaci akwai rami ɓoye a ƙasa. Ki soka tsinke wuri uku kewaye da lagwanin, ki narka ragowar nan ki zuba siriri ya rufe. Washegari ki cire tsinken ki yanke lagwanin ya rage milimita 5 zuwa 6, ki rufe kofin da murfi ko takarda.

Sai haƙuri. Haɗin farafin ki ba shi kwana 4 ko 5, na kakin zuma sati ɗaya zuwa kwana 10, a wuri mafi sanyi a gidan, ni ƙarƙashin gado nake turawa kusa da bango.

Gwaji

Kar ki ba kowa, balle ki sayar, sai kin ƙona naki har ƙasa. Nan ne lagwani ukun nan za su yi aiki: kofi uku iri ɗaya, haɗi ɗaya, lagwani daban, ki rubuta a gindin kowanne. Ki kunna su tare a ɗakin da ba iska ki zauna kina kallo. Lissafin da ake bi shi ne kusan awa 1 ga kowane santimita 2 da rabi na faɗin kofi, wato kofin shayi mai faɗin santimita 5 cikin awa 2 ya kamata saman ya narke har gefe. Wanda ya haƙa rijiya a tsakiya ya bar kaki a bango, wutar tana ƙanƙancewa kamar za ta nutse, lagwaninsa ya yi siriri. Wanda wutarsa ta yi tsawo tana rawa, baƙin hayaƙi yana tashi, kan lagwanin ya yi dunƙule, kofin ya yi zafin da ba ki iya taɓawa, ya yi kauri. Wanda kike nema wutarsa a tsaye take shiru kamar ƙwayar dabino, narkakken kakin zurfinsa bai wuce santimita 1 ba. In kin same shi ki rubuta komai a littafi, zare nawa kika kitsa, giram nawa, digiri nawa, wane turare, wane wata ne, don in kin canza turare ko kofi sai kin sake gwajin, kuma haɗin da ya yi miki kyau a Disamba yana iya yin gumi a Afrilu.

Duk wadda kika ba ki faɗa mata da baki, in sayarwa ne ki manna 'yar takarda: kunnawar farko a bar shi ya narke har gefe, kar a wuce awa 4 a kunne, a rage lagwani kafin kowace kunnawa, a ɗora a kan faranti nesa da labule da gidan sauro da zana da hannun yara, a bar taga a ɗan buɗe musamman in akwai mai asma ko jariri, kar a yi barci a bar shi, kuma in kaki ya rage santimita 1 a ƙasa a daina kunnawa. Mu masu hijabi da mayafi mu kula da gefen mayafin in za mu sunkuya kansa.

In za ki aika saƙo wani gari, ki naɗe kowane kofi da jarida ki jera su a tsaye a kwali, ki rubuta sama da ƙasa a jiki, ki ba motar asuba ko ta dare, ki roƙi direba ya sa a ƙarƙashin kujera kar a ɗaure shi a saman mota. Kofunan da suka ƙare kuma ki ce a dawo miki da su, ki zuba ruwan zafi a ciki ragowar kakin zai taso ya daskare a sama ki tsince, ruwan kar ki zuba a magudana yana toshe ta, ki wanke kofin da sabulu ki shanya a rana, ya shirya wa zubi na gaba.